Kada Ki Ɓare Ledar

Duk wanda ya taɓa sayen waya a kontenar Mas'uda da ke mararrabar Kawukudi ya san kalmar da take sallamar mutum da ita. Ba "a gaida gida" ba ce, ba kuma "sai ka sake dawowa" ba. In ta saka maka kayanka a kwali ta miƙo, sai ta ɗaga ɗan yatsa kamar malamar makaranta ta ce, "Kada ka ɓare ledar." Ko tsoho ne sa'an kakanta haka za ta gaya masa, sai dai ta ɗan rusuna.

Ba wanda ya taɓa jin haushi kuwa, don abin da kowa ya riga ya yarda da shi take faɗa. A unguwannin Nima da Maamobi na Accra, abu sabo ne matuƙar ledar kamfani na jikinsa. Shiga falon wanda ka ga dama ka duba. Rimot na cikin leda, ƙofar firiji da leda, talabijin kuwa yaran da aka haifa bayan sayenta sun isa aure, amma ledar gefenta na nan tana reto. Ranar da ka ɓare, ranar abinka ya zama kwance, in ka kai shi kasuwa a yi maka tayin wulaƙanci. Mas'uda har doka ta kafa a kai: abin da aka ɓare wa leda ba ya dawowa shagonta, ko da ɗan'uwanta ne ya saya.

Ita kaɗai ce mace a layin kontenonin nan. Jarinta bai kama ƙafar na maƙwabtanta ba, shagon ma in mutum ya shiga da ƙaton ciki sai dai ya fito da baya. Abin da take da shi suna ne. Tun da ta buɗe ba ta taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen kaya ba, har ya zama in ana gardama a tashar motocin haya na torotoro kan wace waya ce mai ƙarko, sai wani ya ce, "Je ka tambayi Mas'uda. In ta ce ɗauka, ɗauka ido rufe." Da wannan sunan take ci, da shi take sha, kuma ba ta haɗa shi da komai ba a duniya.

To, akwai wani kamfanin kwamfuta mai tambarin barewa. Sunansa na Turanci ya yi wa bakin mutane nauyi, sai kowa ya hutar da kansa ya riƙa cewa Barewa. A wajen kwamfutar tebur da ta cinya ba a ja da su, duk ofishin da ka leƙa a Accra sai ka ga barewar nan tana kallonka. Amma a kasuwar tabilet sun zo biki a makare, sun tarar an cike kujeru. Manyan kamfanoni biyun nan da ko yaro ya san sunansu sun kama sama. Masu arahar da ake jibgewa a kasuwar wayoyi ta Sakul, waɗanda ba a san uwarsu ba balle ubansu, sun kama ƙasa. Barewa na tsakiya tana neman wurin sa ƙafa.

Tabilet ɗinsu ta farko, in ka riƙe ta ka gama karanta saƙo hannunka ya sage don nauyi. Ta biyu ba nauyi, amma in ka cika ta da wuta da asuba, kafin azahar ta yi maka sallama. Duka biyun Jamiu ne ya kawo wa Mas'uda. Shi ne wakilin kamfanin, mutumin kirki mai ɗaure wuya da taye ko da rana na narka kwalta. Duka biyun kuma ta juya su ta duba, ta miƙa masa abinsa.

"Cale, ɗan'uwa, kai wa wasu," in ji ta. "Ni ba zan iya haɗa ido da mutane ba."

Sai ga shi da ta uku. Ya ajiye ta gwaji a kan kantar shagon, ya zaro wani siririn alƙalami daga gefenta, ya miƙa mata. Ta ja layi a gilashin. Layin ya bi hannunta sak, in ta danna ya yi kauri, in ta sassauta ya sirance. Ba nauyi, hoto tar, sauti raɗau. Ta hana shi tafiya da ita, ta riƙe ta a shago tana azabtar da ita da bidiyo daga safe har magariba, batirin ya ƙi mutuwa.

"Anti Mas'uda," in ji Jamiu da ya dawo, "kamfani na son shago ɗaya a Zongo. Za mu kafa miki allon suna a saman kontena. In Nima ta karɓi wannan, ke ce wakiliyarmu a nan. In ba ta karɓa ba, mu sauke allon mu kai unguwar Madina. Ba ni na ce ba, daga sama ne."

Ta ce a kawo. Ranar da aka kafa allon, da barewa ƙatuwa da sunanta a ƙasa, sai da ta tsallaka titi ta tsaya wajen mai koko da ƙosai tana kallonsa kamar ba nata ba.

Kaya na kawowa, mai saye na farko ta bayyana, kuma ba ƙaramar mai saye ba ce. Hajiya Maiturare ce da kanta. Mutuniyar Damagaram ce, an kawo ta Maamobi tana amarya, ga shi yanzu ta tsufa a nan tana haɗa turaren wuta da humra. Ba a ɗaura aure ba a raɗa suna a unguwannin nan ba tare da ƙamshinta ba, kuma inda ƙamshin ya shiga, bakinta ma ya shiga. In Hajiya ta yaba wa tela, ya yi ta ɗinki har ya gaji. In ta kushe mai abinci, sai dai ta koma sayar da gawayi.

Ta zauna a kan benci tana fifita da gefen mayafi. Ɗanta Abdulganiyu, wanda ke tuƙin tasi a Amurka, an yi masa haihuwa, namiji, an mayar da sunan mijinta marigayi Alhaji Nuhu. Wayarta ƙarama ce, idonta kuma ya fara gajiya.

"Ɗiyata, babba nake so, irin mai sunan nan da ake yayi. Ina so in ga maigidana da kyau." Jaririn take nufi, don sunan miji ba ya fita daga bakinta ko da a jikin jika ne.

Mas'uda na da mai sunan a shago. Da ta miƙa mata shi, da ba abin da zai biyo baya. Amma ta san wani abu game da Hajiya: ba ta yi boko ba, saƙon waya sai an rubuta mata, alhali kuwa da ajami rubutunta kamar a wanke a sha. Sai ta jawo Barewar gwaji, ta sa mata alƙalamin a hannu.

"Mma, rubuta abin da kika ga dama."

Hajiya ta harare ta, ta harari gilashin, sannan ta ja bisimilla daga dama zuwa hagu. Harufan suka fito da lanƙwasarsu, da ɗigonsu, kamar da tawada. Tsohuwar ta fashe da dariya har haƙorin makkanta ya bayyana.

"Ikon Allah! Kina nufin in rubuta wa Abdul da hannuna ya gani a can?"

"Da hannunki, Mma. Ba sai kin kira yaran maƙwabta sun ji sirrinki ba."

"Amma wannan dabbar ban san ta ba. Ke kin tsaya mata?"

"Na tsaya mata, Mma."

"Shi ke nan. Ba barewa na saya ba, ke na saya."

Mas'uda ta ɗauko sabuwa dal daga kwali, ta kunna, ta saka mata lambar Abdulganiyu, ta mayar. Ta ɗaga yatsa. "Kada ki ɓare ledar."

"Ji mini yarinya! Ni za ki koya wa riƙon kaya?"

Labari ya zaga cewa Hajiya Maiturare ta sayi Barewa. Ziblim tela ya zo ya ɗauki tasa don zana wa masu ɗinki fasalin riga. Wata malamar Islamiyya ta ɗauka, wani mai kantin magani ya ɗauka. Kowa ya tafi da kwalinsa da gargaɗinsa, Mas'uda kuwa har ta fara tunanin inda za ta ƙara wata kantar kaya.

Ranar wani suna a Maamobi abin ya fashe. An tare titi da rumfuna, mata sun yi anko, ana ta rabon tuwo da jalof. Mas'uda ta shigo da fara'arta, ta nufi inda manya suke don ta gaida Hajiya. Tun kafin ta kai ƙasa Hajiya ta ɗaga murya, irin ɗagawar da ba don mutum ɗaya ake yin ta ba.

"Yauwa, ga mai barewa nan! Ɗiyata, me na yi miki?"

Kowa ya juyo, har mai kiɗa ya rage sauti.

"Abin da kika ba ni kurma ne, kuma makaho ne. Ina ihu har maƙwabta na leƙowa, Abdul na cewa, Mma ƙara murya. Ya ce yana ganina kamar ina bayan labule. Jikana kuwa, wallahi har yau ban san kamanninsa ba, wani abu dai nake gani fari-fari yana motsi. Alƙalamin da kika yi mini daɗin baki da shi, in ja alif ya ba ni rabi. Na shagonki na rubutu, nawa ba ya yi. Haka ake yi? A nuna maka nama a ba ka ƙashi?"

"Mma, don Allah…"

"Ni ban ce kin cuce ni ba. Na dai ce na yarda da ke."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi zafi. Mas'uda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta bar wurin ko ruwa ba ta sha ba, tana jin idanun mata a bayanta har ta sha kwana.

Washegari Ziblim ya riga ta zuwa shago, kwali a hammata. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai ajiye ya ce, "Ga shi yadda kika ba ni, ko ledar ban taɓa ba." Malamar Islamiyya ta aiko da tata. Masu kontenar gefe, waɗanda da ma allon nan ya tsone musu ido, suka riƙa ɗaga murya in mai saye ya nufo ta: "Zo nan, ɗan'uwa, mu namu yana ji yana gani!"

Ta rufe ƙofa rabi, ta jera waɗanda aka dawo da su kusa da ta gwaji. Ta ja layi a ta gwaji, sumul. Ta ja a ta Ziblim, ya tsinke. Ta yi magana ta naɗa, ta gwaji ta maido mata da muryarta raɗau, ta Ziblim kuwa kamar mai magana da bargo a baki. Kai, jama'a! Ledar nan fa tana gabanta, mai kauri, mai duhu-duhu, ta naɗe gilashin ta zagaye har gefuna. Idonta a kanta, yatsunta a kanta. Amma wa ke ganin leda a Nima? Kamar ka ce wa mutum ya kalli hancinsa ne.

Abin da ta gano shi ne an yaudare ta. Ta kira Jamiu, ko gaisuwa babu.

"Kun ba ni ta gwaji mai kyau, kun cika mini shago da shara!"

"Anti, wallahi kaya ɗaya ne. A Osu muna sayarwa, a Legon muna sayarwa, ko mutum ɗaya bai dawo da ita ba."

"Ato! Masu kyau na masu kuɗin Osu, ruɓaɓɓu na 'yan Zongo. Da ma haka kuka ɗauke mu."

"Haba, ni ma fa a Sabon Zongo aka haife ni. Kin sabunta manhajar?"

"Na sabunta har na gaji."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce zai zo ya kwashi kayan a kai wa injiniyoyi, amma ta sani, in aka ji Nima ta dawo da kaya, allon ma zai sauka. Ta ce ya sauke, ya haɗa da barewar ya yanka. Ta kashe waya, sannan ta kifa kai a kan kantar shagon ta yi kuka mai isarta. Ba allon take yi wa kuka ba, ko da yake shi ma da zafi. Abin da ke cin ta shi ne daga yau in aka ce Mas'uda ta ce abu na da kyau, wani zai taɓe baki.

Ta Hajiya ce kaɗai ba a dawo da ita ba, kuma Mas'uda ta san dalili: Hajiya ba ta kai kaya, sai dai a zo a ɗauka. Bayan la'asar ta wanke fuska, ta ja ƙofar kontena, ta bi lungunan Maamobi, tana tsallake kwata tana kauce wa masu babur. Ba sai an nuna maka gidan ba, hancinka zai kai ka.

Ta yi sallama. Hajiya na zaune a ƙasa kan darduma, ta baza kwanonin itacen turare, tana gwada sabon haɗi a kasko. Ta amsa ba yabo ba fallasa. Falon tsaf, kujeru manya masu ruwan zuma jere da bango, kowace cikin ledarta tun ranar da Alhaji Nuhu ya sauke su daga mota, ledar har ta yi ja don tsufa. Mas'uda ba ta ga fuskar zama a kujera ba, ta durƙusa a bakin darduma.

"Mma, na zo in ba ki haƙuri, in ɗauki kayan, in kawo miki mai sunan da kika tambaya tun farko."

"Ga ta can. Ɗazu ma na sake gwadawa, don Abdul ya kusa kira. Ɓata lokaci."

Tabilet ɗin na kan ɗan teburi, dab da kaskon wuta. Mas'uda ta ɗauka, sai ta ga ɓarna: zafin garwashi ya taɓa kusurwa ɗaya, ledar ta yamutse ta naɗe kamar busasshen ganye, gilashi ya fito fili. Ko a cikin wannan hali, abin da ya fara zuwa mata shi ne, wayyo, ledar! Ta zaro alƙalamin don ta lallaɓa ta mayar da ita da bakinsa. Shafin da Hajiya ta yi ta fama da shi na buɗe, cike da guntayen harufa.

Bakin alƙalamin ya sauka a kan gilashin da ba leda. Wani baƙin layi ya fito, siriri, sumul.

Ta tsaya. Ta sake ja daga kusurwar zuwa ciki. Layin ya tafi lafiya lau, yana hawa kan leda ya tsinke. Ta sake. Haka. Ta juya tabilet ɗin ta dubi gefenta, ta ga 'yar ƙofar da murya ke shiga, leda ta toshe ta ruf. Ta dubi idon kyamara, leda. Sai yanzu ta tuna ranar da Jamiu ya ajiye ta gwaji a shagonta: tsirara ya kawo ta, ba leda ko ƙyalle. Ledojin wayoyin da ta saba sayarwa sirara ne kamar fatar albasa, ba su hana komai. Wannan kuwa an yi ta ne don kaya su sha jirgin ruwa lafiya, a iso a cire a yar. Mutanen Osu cirewa suke yi tun a shago. Mutanen Nima kuwa akwai wadda ke ɗaga musu yatsa.

"Innalillahi," ta ce a hankali. Kunya ta rufe ta, wani daɗi kuma na tasowa ta ƙarƙashin kunyar, har ba ta san wanda za ta fara ji ba.

"Lafiya?"

"Mma, kayan ba su da laifi. Ni ce. Ledar ce ta toshe mata kunne da ido, ni kuma na ce kada a ɓare. Sai an cire ta."

Hajiya ta ajiye cokalin turare. "A cire me?"

"Ledar, Mma."

"Ke, kina cikin hankalinki? Abu sabo ful in mayar da shi kwance da hannuna? Sannan in bai yi ba ki ce ba ki karɓar abin da aka ɓare. Na san dokarki, duk Kawukudi an sani."

"Na karya dokar. In kin ɓare bai yi ba, zan karɓa, in kuma tsaya a gaban matan da suka ji ki ran suna in ce na cuce ki."

Hajiya ta dube ta da kyau. Ta dubi tabilet ɗin, ta dubi kujerunta. "Ni tun da nake ban taɓa ɓare ledar abu ba. Abin da aka rufe shi ke daɗewa."

Ana cikin haka tabilet ɗin ta ɗauki ƙara. Abdulganiyu ne, ya taso daga aiki, lokacin da ya saba kira ke nan. Hajiya ta karɓa ta danna, ta sake dannawa da ƙarfi kafin ta amsa. Wata inuwa ta bayyana a gilashin.

"Mma? Mma, kina ji na? Ƙara murya!"

"INA JIN KA!" Hajiya ta kwarara ihu har kaskon ya yi kamar zai kife.

Hannun Mas'uda na ƙaiƙayi, amma ta maƙale shi a cinya. Ta san in ita ta cire, har abada za a ce Mas'uda ta lalata wa Hajiya kaya. Ta nuna kusurwar da ta naɗe.

"Da hannunki, Mma. Ki kama nan kawai."

A can cikin inuwar aka ji ɗan kukan jariri, siriri. Hajiya ta kasa kunne. Leɓenta ya motsa da bisimilla. Ta sa yatsu biyu masu lalle ta kama bakin ledar, ta runtse ido kamar wadda za a yi wa allura, ta ja. Ledar ta taso da wata 'yar ƙara, shaaa, ta rabu da gilashin gaba ɗaya.

Da ta buɗe ido, ga Abdulganiyu nan kamar a ce miƙo hannu, har zufar goshinsa ana gani.

"Mma! Ei, yanzu na gan ki! Me kika yi? Kai, Mma, yaushe kika yi furfura haka?"

"Rufe mini baki," in ji ta, da muryarta ta kullum, ba ihu. "Kawo mini maigidana."

"Na ji ki sarai! Tsaya, tsaya."

Hoto ya girgiza, aka ga silin, aka ga labule, sannan aka ga fuska. Ɗan mitsitsin yaro cikin farin tawul, ya ɓata rai kamar wanda aka tasa daga barci don a tambaye shi bashi. Girarsa a haɗe. Kunnuwansa kuwa sun buɗe gefe-gefe, ba su da niyyar kwanciya.

Hajiya ta kai yatsa ta shafa kunnen a jikin gilashin. Hawaye ya gangaro mata, ta bar shi.

"Kunnuwan Alhaji ne," ta ce. "Wallahi kunnuwansa ne. Abdul, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya miki, Mma, kika ce ke ba ki ga komai ba."

"Maigida," ta kira a hankali. "Maigidana. Ka dawo ke nan ba ka neme ni ba?"

Yaron ya daina motsi. Ya juyo da kai wajen muryar, ya buɗe ido. Mas'uda ta kau da fuska tana goge hawayenta da bakin mayafi, don abin ya fi ƙarfinta.

Da aka gama wayar, Hajiya ta ɗauki alƙalamin ta rubuta wa yaron addu'a da ajami, layi bayan layi, ko harafi ɗaya bai tsinke ba. Mas'uda ta nuna mata inda za ta danna ya tafi. Sannan tsohuwar ta ɗauki ledar da ke yashe a kan darduma, ta juya ta, ta linke ta da kyau ta tura ƙarƙashin kwano. Yarwa dai ba ta yi ba.

"A gaban mutane na yi miki," in ji ta. "A gaban mutane zan gyara. Tashi ki tafi, magariba ta yi."

Ta kuwa cika alkawari. A wani biki da aka yi a Nima ƙarshen makon, Hajiya ta sa aka kira Ziblim da malamar Islamiyya da mai kantin magani, Mas'uda ta kawo kwalayensu. Hajiya ta miƙe a tsakiyar rumfa ta ce ita da ɗiyarta Mas'uda duk sun yi wauta, amma tata ta fi, don ita ce babba. Ta ɗauki ta Ziblim ta ja ledar, shaaa, mata suka yi salati kamar an yanka rago ba bisimilla. Sannan ta kira Amurka aka zagaya da jikanta layi-layi, kowace sai ta yaba kunnuwan kafin a wuce da shi.

Jamiu ya zo da mota da tsani don sauke allo, ya tarar da mutane a ƙofar kontena suna jiran layi. Da Mas'uda ta ba shi labari, tana ba shi haƙurin zagin da ta yi masa, sai ya zauna a kan benci ya yi dariya har ya sassauta taye.

"Ni ma fa," in ji shi, "rimot ɗin gidanmu na cikin leda. Ko kusa abin bai zo mini ba."

Ya mayar da tsaninsa mota. Barewa ta uku dai ba ta kori manyan nan biyu daga kasuwa ba, har gobe su ke sama. Amma daga Kawukudi zuwa Maamobi, in ka ga tela na zana wuyan riga a gilashi, ko tsohuwa na rubuta wa ɗanta ajami, juya bayan abin ka ga tambarin. Mas'uda kuma har yanzu tana ɗaga yatsa in ta miƙa kwali, sai dai wani lokaci bakinta kan fara da "kada", ta yi dariya ta gyara: "Ɓare a nan, in gani."

Bayan kwana biyu Hajiya ta aika a kira ta, wai tana son a nuna mata yadda ake adana hotuna. Mas'uda ta yi sallama ta shiga, ta nufi bakin darduma inda ta durƙusa wancan karon.

"A'a," in ji Hajiya. "Ba nan ba."

Ta nuna kujerar da ke kusa da taga, wadda Alhaji Nuhu ke zama a kai. Sauran na nan cikin ledarsu, amma wannan an tuɓe ta. Yadinta mai ruwan zuma ya fito sabo ƙal, kamar yau aka sauke ta daga mota.

"Shi ya saya da guminsa, har ya koma ga Allah bai taɓa jin laushinta ba, leda ya yi ta zama a kai," in ji Hajiya, tana gyara garwashi ba ta ɗago ba. "Zauna, ɗiyata. Ki gaya mini in tana da kyau. In kin ce tana da kyau, na yarda."

Mas'uda ta zauna a hankali, ta dafa hannun kujerar.

"Tana da kyau, Mma," ta ce.